Ƙwayar Shinkafa Ɗaya

Maigida ya sayo sabon furosesa, wato ƙwaƙwalwar inji, don kwamfutar da yake cika takardun kwantena da ita. Fankar da ke sanyaya shi ta zo da ɗan shafe toka-toka na kamfani a gindinta. Shi ya ce wannan ya isa. Ƙaninsa Bala ya dage sai an goge an sa man sanyaya na matsawa, aka kuwa goge. Ana kiran la'asar suka bar mini aikin, tunda ni ke zana wa amaren unguwarmu ta New Bell lalle, hannuna ba ya rawa.

"Matar yaya, kamar ƙwayar shinkafa ɗaya," in ji Bala.

Ni kuwa tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa yi wa kowa rowa ba. Na yi bismillah na matse man duka a kan furosesan, na gyara gefe-gefe, na kifa fankar na ɗaure.

Man ya malala cikin ƙananan haƙoran injin, kwamfuta ta ƙi tashi. Kwana biyu Bala na kankara da buroshin haƙori, kwantena na jira a tashar ruwa. Maigida dai "ça va" kawai ya ce da Faransanci, wai ba komai, bai dube ni ba.

Har yau in na ɗauki ludayi, Bala sai ya miƙo kwano: "Matar yaya, a zuba mini na furosesa."