Yadda Surukata Ta Riga Na'ura Isowa

Jama'a, ku taya ni murna, matata Nargis ta sauka lafiya, mace muka samu. Ku ajiye jajen kusa, za a buƙace shi.

Tun cikin yana ƙarami na ƙudura sunan marigayiya mahaifiyata, Wadida, zan sa. Surukata Hajja Bahiga kuwa ta rantse nata za a sa. Ni ban iya musu da ita ido da ido, mijinta ma har ya koma ga Allah bai iya ba. Sai na yi dabara. Tana can garin Damanhur, na sulale inda ake rubuta haihuwa. In suna ya shiga na'ura, ai magana ta ƙare.

Har rausaya nake a layi don daɗi. Ma'aikacin, Ustaz Fikri, ya buga sunana, Sabri Abdul Ati, ya jingina, ya kwance ƙullin waken ful da burodi ya hau ci.

"Ustaz, lafiya?"

"Lau. Na'urarmu ta aika wa ta babban birni tambaya, ko kai ne kai."

"To ai ni ne."

"Ita ba ta sani ba. Ta can kuma ba ta neman mutum ɗaya. Duk wani Sabri da ke ƙasar nan take turowa ta waya, na raye da na kabari, tamu ta zauna tana tsince ka."

"Me zai hana ta can ta tsince ni, ta aiko ni ni kaɗai?"

Ya waiga, ya rage murya. "An kai shawarar. Mai Girma Basha, shugaban lardinmu, ya ce babban birni ba ya yi wa lardi tankaɗe."

Allah ya ja zamanin Basha, bai bar mu haka ba. Ya kafa kwamiti, kwamitin ya tafi bakin teku nazari, ya dawo da ƙaton allo a bango, don talaka ya ga zoben jiran nan na fuskar na'ura yana juyawa ba tare da ya miƙa wuya ba.

Ina cikin kallon zoben sai maƙwabcina Ammu Girgis mai guga ya kira. "Sabri, asiri ya tonu. Hajja ta hau motar haya."

Na roƙi na'urar, na shafa mata kai. 'Yan layi suka rabu biyu, wasu nawa, wasu na Hajja. Girgis ya sake kira, wai taya ta fashe musu a hanya. Na rungume wani tsoho da ban sani ba.

"Ustaz, ina muka kai?"

"Sabrin kudu sun gama shigowa. Saura na arewa."

Ƙamshin basbusa, alkakin nan namu, na fara ji. Hajja ta shigo da faranti, ta raba wa layi kaf, har magoya bayana, ta dafa kafaɗata. A daidai nan zoben ya tsaya.

"Madalla, kai ne kai," in ji Ustaz Fikri. "Sunan jaririya?"

Hajja kallona kawai ta yi. Na buɗe baki da Wadida, na ji Bahiga ya fito. Wallahi ya yi mini ciwo. Mama, ki yafe wa ɗanki, ya yi ƙoƙari.

Shawarata ga Basha, a riƙa ba direban motar nan tambayoyin. Da facinsa da komai, mutum ɗaya tak ya kawo, kuma daidai wadda ake tsoro.