Fasinjojin da Na Cire wa Kai

Ko zan manta komai na zamana a New York, ba zan taɓa manta ranar da jikar mai gidanmu ta leƙa tashar jirgina ta ƙwalla ƙara ba.

Ni mutumin Funtuwa ne, a bakin layin dogo na tashi, a nan New York kuma tasi nake ja. Karatun bokona a firamare ya tsaya. Sai dai Allah ya yi ni da wasuwasi. In na kulle mota sai na dawo na taɓa ƙofar, in na yi tafiya kaɗan in sake dawowa. Matata Hajara takan ce ruwan alwalata kaɗai ya isa ta wanke kwanukan suna.

Gidan da muke haya a unguwar Tremont na wani tsoho ne, Mista Leo, wanda ya yi kanikancin jiragen ƙasa har ya ajiye aiki. Shi yana ƙasa, mu muna sama. Wata rana na taya shi sauke kaya zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda a nan ake kira besmen, sai na ga wani faffaɗan teburin katako da ɗan siririn layin dogo a kansa, duk ƙura ta rufe. Ya danna wani abu, ɗan kan jirgi da bai wuce tsawon tafin hannuna ba ya ja taragunsa ya kewaya. Na tsaya baki buɗe kamar yaro. Tsohon ya dube ni ya ce, "Abokina, gwiwata ta gaji da matakalar nan. Ga makulli. Ka yi abin da kake so da teburin."

Daga ranar na kamu. Da kwali na gina tashar Funtuwa yadda nake tuna ta. Na yi rumbun auduga da rufin kwano, na yanka soso na shafe shi da jan fenti ya zama tudu, na tankaɗe yashi na zuba tsakanin katakan layin ina ɗiga masa gam. Mista Leo ya koya mini haɗa wayoyi, da yadda ake goge layi in jirgi ya fara tsinkewa a kwana. (Gadar da na yi da tsinken sakace kuwa sau nawa tana rushewa, ba na son tunawa.) In na dawo daga aiki ƙafafuna sun kumbura, can nake sauka in sami kaina. Har sallah nakan yi a wurin.

Matsala ɗaya ce: 'yarsa Linda. Tana zaune a New Jersey, kuma ta daɗe tana son a kwashe komai a gyara besmen ɗin a sa ɗan haya. A ganinta wani direba ne ya lallaɓa tsohonta ya sami ɗaki kyauta. Na sani sarai, ranar da ta sami dalili, makullin ya tafi, Funtuwata ta tafi bola.

Ana gobe za a yi masa aikin gwiwa, Mista Leo ya kira ni ya miƙo mini wani akwati. Na buɗe, sai ga 'yan mutane ƙanana, kowanne bai kai gaɓar yatsa ba. Ga mai ɗauke da jaka, ga mace tana tura keken jariri, ga mai duba tikiti da hularsa, har da shanu da kare. Ya ce shi ya yi musu fenti da hannunsa tun idonsa yana da ƙarfi. "Tasharka ta yi kyau, amma ba kowa a ciki. Ka zuba mata fasinja."

Na yi godiya, na jera su, tasha ta yi rai. Sai da na zo tayar da sallar la'asar na waiga, na ga mai duba tikiti yana kallona. Tun ina yaro nake jin cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da gumaka. To ni ba ɗaya na ajiye ba, gari guda na tara, kuma matata da 'yata suna kwana a samansa. Na kwashe su na mayar akwati. Sai na ce, kyautar dattijo marar lafiya zan wulaƙanta? Na sake jera su. Na rufe su da tawul. Na ce ai mala'iku sun san abin da ke ƙarƙashin tawul. Haka na yi ta fama, abinci ma ba ya mini daɗi.

Mai hankali zai taka zuwa masallaci, ga shi nan a bayan layinmu, ya tambayi Liman. Ni kunya ta hana ni. Ƙato da gemu, in je in ce ina wasa da 'yartsana? Sai na kai maganar filin da direbobi ke jiran fasinja a tashar jirgin sama ta JFK, wurin Alhaji Sabi'u, mutumin Maraɗi, wanda muke kira Ustazu don kullum yana sauraron wa'azi a waya. Ko shi ma ban faɗa masa gaskiya duka ba. Cewa na yi wani abokina yana da 'yan gumaka a gida.

Bai ko ɗago daga robar shinkafarsa ba. "Wanga ai mai sauƙi na. Shi cire musu kai. In babu kai, babu gunki. Se fini, magana ta ƙare."

"Ustazu, in kyauta aka ba shi fa?"

"Kyauta ai ta zama tashi. Ga layinka can ya motsa, tashi kar a tsallake ka."

Da wannan fatawar ta bakin shinkafa na dawo gida. Ranar hutuna na ɗauki abin yankan farce na sauka. Na fara da mai duba tikiti. Ƙyas! Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan jaririn cikin keke na daɗe ina tunani, amma na ce hukunci ba ya duba shekaru. Shanun ma ban bar su ba. Ina cikin yi Hajara ta sauko da kwandon wanki, ta tsaya ta dube ni.

"Baban Nana, me nake gani haka? Layya kake yi?"

"Gyara nake yi. An ba ni fatawa."

"Wa ya ba ka?"

"Ustazu."

"Ustazun tasi? To Allah ya karɓa. Ka dai fuskantar da su gabas ko?" Ta haye sama tana dariya har tana riƙe bango.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma na lura wuyan kowannensu ya fito fari fat, launin robar da ke ciki, abin ya tsone mini ido. Na ce bari in rufe. Fentin da ya rage mini kuwa shi ne jan nan mai duhu da nake yi wa taragu tsatsa da shi. Na bi kowane wuya na ɗiga masa. (Wallahi a lokacin gani na yi na yi tsaftataccen aiki.) Kawunan kuma na kasa zubarwa, don aikin hannun mutum ne. Na tattara su na zuba a gwangwanin alewa na ajiye a gefen tebur.

Daga asibiti Mista Leo gidan Linda ya wuce jinya, ni kuwa na yi ta shirya yadda zan yi masa bayani a tsanake in ya dawo. Ban sani ba shi ma yana da nasa shirin. Ranar bikin godiyarsu, wanda suke cin talotalo, ina besmen ina goge layi sai na ji ana saukowa. Ga Mista Leo da sanda, ga Linda tana riƙe da shi, ga 'yarta ƙarama da ba ta daɗe da shiga makaranta ba.

"Abokina! Na kawo ta ta gani da idonta. In ta ga aikin da ka yi, ba za ta ƙara maganar ɗan haya ba. Kunna mana."

Na so in jefa tawul, tawul yana sama. Na kunna jirgi da ƙarfi ko idonsu zai bi shi. Na manya ya bi. Har Linda ta ce rumbun audugar ya burge ta. Amma yarinyar tsawonta daidai da bakin tebur ne, hancinta yana dab da dandamalin tasha.

"Mama, ina kawunansu?"

Linda ta sunkuya. Ga fasinja cike da tasha, kowa da jakarsa, kowa da jan wuya. Ga mace ba kai tana tura jariri ba kai. Jirgi kuma yana ta kewayawa yana busa abinsa. Kafin in haɗa kalma biyu, yarinyar ta ga gwangwanin alewa, ta yi abin da kowane yaro zai yi. Murfin ya yi tauri, ta finciko shi, kawuna suka watsu a kan layi. Jirgin ya zo ya taka na mai duba tikiti, ya kife. A nan ta ƙwalla ƙarar da har Hajara ta ji daga sama.

Linda ta janye 'yarta bayanta ta ce, "Mene ne wannan? Me ke damunka?"

Turancina na tasi ne: ina za ka, akwai cunkoso, na gode. A wannan lokacin ko shi ya gudu ya bar ni. Duk bayanin da na tsara ya ɓace, sai jimla ɗaya ta rage a bakina, kuma ita ce mafi muni da mutum mai gemu zai iya faɗa a garin nan a shekarun nan, da abin da talabijin ke nunawa kullum na 'yan ta'adda. Na ce, "Addinina ne ya ce in yi."

Linda ta miƙo hannu, na sa mata makulli. Mista Leo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki kan saniya ɗaya ya juya shi a tafin hannunsa ya ce, "Da ka ce mini ba ka so, ai da na riƙe abina."

Kwanakin da suka biyo baya, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai na leƙa ta taga. Hajara ta gaji ta ce, "Ko ka je wurin Liman da ƙafarka, ko in je in ba matarsa labari da bakina." Na tafi.

Limaminmu mutumin Kumasi ne, dattijo mai sanyin magana. Ya saurare ni har ƙarshe, ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Da ya sami numfashi ya ce, "Ei, Malam! Har jaririn?" Sannan ya yi mini faɗa sosai. Ya ce malamai sun yi magana mai faɗi a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa. In zuciyata ba ta kwanta ba, in mayar wa mai abu abinsa da godiya. "Amma ka ɓata aikin maƙwabcinka, ka tsorata yarinya, sannan ka ɗora wa addini? Wannan kam babu saɓani a kansa. Tashi mu je."

Shi ya zauna a falon Mista Leo ya yi bayani da Turanci mai kyau, Linda tana ji ta waya. Ban gane duka ba, amma na ji inda ya ce mata ni ba mugu ba ne, matsoraci ne kawai, kuma ban taɓa jin daɗin a kira ni matsoraci ba sai ranar. Linda ta ce a maida wa kowa kansa tukuna, ta gani.

Sanyin shekarar a teburin cin abincin Mista Leo na ƙare shi, ni da gam da hantsaki, shi da gilashin ƙara girma yana ba da umarni. "Wannan kan mace ne, abokina, ka ɗora wa ɗan dako!" Na kankare jan fentin nan wuya bayan wuya. Da muka gama ya jera mutanensa a kan kantar falonsa, ya ce nan za su zauna, ba ya ƙara ba ni amanar ko kaza. Linda ta zo ta duba su ɗaya ɗaya kamar likita, sannan ta ajiye makullin a kan tebur ba tare da ta kalle ni ba.

Yanzu tashata ba kowa. Mista Leo yakan sauko ya yi tsaki ya ce bai taɓa ganin jirgin da ke tsayawa a kango ba. Ni kuwa na ce masa a Funtuwata kullum Juma'a ce da azahar, kowa yana masallaci. Abin da na koya shi ne, in abu ya dame ka, ka kai shi inda ya dace, ka faɗe shi duka ko da za a yi maka dariya. Dariyar Liman ta minti kaɗan ce. Tawa kuwa, tunda labarin ya kai kunnen direbobi, har yau in na shiga filin JFK sai wani ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Sarkin fawa, yau shanu nawa?"