Nomau a Shagon Manhaja

A Unguwar Ɗinya, can bayan Kura inda ake noman rani, akwai gidan Inna Tabawa, katanga ɗaya ce tsakaninmu. 'Ya'yanta biyu ne, amma wallahi kamar an tattara wayon gidan an juye wa ɗaya. Babbar, Zuwaira, ta yi karatun kwamfuta a Zariya. Ƙanenta Nomau kuwa ƙato ne har da gemu, ga kirki ga ladabi, sai dai abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi ɗungurungum, ba ragi ba ƙari.

Zuwaira ta dawo ta share shagon ƙofar gida, ta duƙufa rubuta manhajar waya da za ta riƙa gaya wa manoman tumatir ranar da za a sako ruwa a layinsu. In ƙungiyar manoma ta karɓa, ta zauna gida. In ta ƙi, akwai aiki na jiranta a Legas, a bar Inna da Nomau su kaɗai, abin da Inna ko a mafarki ba ta so. Ita ce ma ta ce, "Ki ja ƙanenki a jiki, ko shara ya riƙa yi miki." Kayya, Inna!

Wata rana waya ta daskare a hannun Nomau. Ya ce, "Yaya, ta ƙi motsi."

"Kashe ta ka kunna. A aikinmu duk abin da ya ƙi, haka ake masa."

Ya kashe, ya kunna, ta tashi garau. Nomau ya riƙe baki. Da yamma ya tarar da Inna tana mita wake ya ƙi nuna. Sai ya ɗauko bokitin ruwa ya sheƙa wa murhu, ya tsuguna yana ƙyasta ashana a jiƙaƙƙen itace. Daga gidana na jiyo Inna ta biyo shi da muciya, yana gudu yana ihu, "Inna, ilimi ne!" Ranar garin kwaki suka sha.

Wata rana Zuwaira ta ce, "Yau sai an yi kwafin aikin nan an kai shi wani wuri daban, ko da kwamfutar za ta lalace." Ta shiga salla. Ta fito, ba kwamfuta, ba Nomau. Ta ɗora hannu a ka tana kiran ɓarawo, unguwa ta cika. Ashe gogan ya hau acaɓa ya yi Kura, ya kife kwamfutar a kan injin hoton takardu. Mai shago ya ce, "Malam, ba haka ake yi ba." Nomau ya ce, "Yayata ta yi Zariya. Kai ka yi?" Takardu suka fito baƙi ƙirin. Ya kai su gidan gwaggonsu a ƙauyen gaba, ya cusa a rumbu, ya dawo yana washe baki yana jiran yabo.

Wata rana Zuwaira ta gaji da surutunsa, ta haɗa shi da manhajar nan mai amsa tambaya da kowa ke yayi. Ta ce, "Ka yi mata magana kamar yadda za ka yi wa mutum." Nomau ya fara: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya muka ji da zafi. Ita kuma, baiwar Allah, tana ta amsawa. Data ta ƙare ba su gama gaisawa ba.

Wata rana ya leƙa allon kwamfuta ya ga jerin lambobi ya fara da sifili. "Yaya, kin yi kuskure."

"Ba kuskure ba ne. Mu masu rubuta manhaja daga sifili muke fara ƙirga. Na farko shi ne sifili."

Ba a jima ba sai ga Sarkin Noma, Alhaji Barau, da dattawan ƙungiya sun zo ganin aiki. Inna ta ce, "Nomau, ƙirgo min baƙin in zuba fura." Yaron kirki, da babba ya fara. Ya nuna Alhaji da yatsa, ya ce da ƙarfi, "Sifili!" Sannan ya bi sauran, ɗaya, biyu, uku. Kowa ya samu kwanonsa ban da Alhaji. Zuwaira ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Alhaji ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce, "Jibi za ki gwada mana abin nan a gaban kowa. In bai yi ba shi ke nan. Ni sifili me zan ce?"

Ranar ta zo. Zuwaira na gyara shago tana magana ita kaɗai: "Abu ɗaya ya rage, a gwada manhajar yadda manomi zai yi amfani da ita a gona." Ta shiga wanka. Ai kun san sauran. Dattawa suka hallara, aka nemi wayar da ke ɗauke da manhajar sama ko ƙasa, babu. Idon Zuwaira ya ciko. Wata mai tallan awara ta ce ta ga Nomau ya yi fadama. Muka ɗunguma gaba ɗaya, Alhaji a gaba yana huci.

Can muka hango shi tsamo-tsamo cikin laka har gwiwa, manoma sun kewaye shi. Hannayensa duk taɓo, don haka ya matse wayar tsakanin wuyan hannunsa biyu, yana dangwala ta da hanci. Yana dangwalawa sai wayar ta ce da Hausa raɗau, "Layin gabas, ruwanku Laraba da safe." Manoma suka ɗau sowa, kowa na cewa a ba shi. Wurin nan ko ɗigon sabis babu, kuma Nomau karatu bai dame shi ba. Dama Zuwaira ta yi wa abin manyan madannai da murya, ta kuma sa shi aiki ba sabis, amma a inuwar shago wa zai yarda da ita?

Ta ce, "Nomau! Kashe ni za ka yi?"

"Yaya, kin ce yadda manomi zai yi. Manomi ai hannunsa da laka."

Alhaji ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Bara wasu sun kawo mana tasu daga birni. Sai da sabis, sai mai boko, sai a kan kujera. Kai, miƙo nan." Ya tattare riga, ya sunkuya, ya dangwala hanci. Wayar ta gaya masa ruwansa Alhamis ne. Ya ɗago da laka a hanci, ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi.

"Abin da Nomau ya iya, kowa zai iya. 'Yata, mun karɓa."

Zuwaira ta zube a kan kunyar gona tana kuka tana dariya. Labari na isa gida Inna ta rangaɗa guɗa, ta ce Legas ta nemi wata.

Har yau in ka shiga fadamarmu za ka ga dattawa da gemunsu suna sunkuyar da kai suna dangwalar waya da hanci. Zuwaira ta faɗa ta gaji cewa yatsa ma yana yi. Sun ce a'a, su yadda suka ga Sarkin Noma ya yi, haka za su yi.