Funfuna a Tankin Majalisar Gari

Bokiti biyu. Safar hannu ta roba mai kaiwa gwiwar hannu. Tabaran kare ido. Jarkar ruwan gishiri da na haɗa a gida. Garin magani ruwan ɗorawa. Tsohon buroshin haƙori. Reza. Sai bututun nan na tsotsar romo da ake yi wa talotalo wanka da shi ranar bikin godiya, wanda maƙwabciyata Anti Odalys ta ara mini, da sharaɗin in ya dawo yana ƙarnin teku to in nemi wata maƙwabciyar.

Abin da ke bayan motata ke nan ranar Laraba, muna kan gadar shiga gari. Anti Odalys tana gefena da kofinta mai ɗaci irin na mutanen Kuba, tana koya mini tuƙi.

"Farfesa, taka mana. Abin nan mutuwa yake yi, kai kuma kana tafiya kamar mai rakiyar gawa."

"Gadar ce, Anti. Tun guguwa aka ce za a gyara ta."

"Ai an gyara. Ba ka ga allon ba?"

Na ga allon. Sabo ne fil, da hoton shugaban majalisar garinmu, Mai Girma Uban Almakashi, gwanin yanka ƙyallen buɗe ayyuka, yana murmushi. Allon ya fi gadar lafiya.

Ni ba farfesan kowa ba ne. Na yi shekaru a Ostareliya ina karatun teku da abin da ke cikinsa, na dawo gida Florida na tarar babu mai bukatar hakan. Yanzu injin kwale-kwale nake gyarawa. Sunan tsiya ne ya bi ni.

Ga abin da ke mutuwa. Akwai wani murjani mai rai na cikin teku, mai laushi, da muke kira zowa. Ƙanana ne kamar maɓallan riga, a manne jikin dutse. Dabbobi ne, amma in suka buɗe sai ka rantse furanni ne. Wanda nake magana a kai bakinsa kore ne, tsakiyarsa ruwan lemo. Marigayi Baba Thurman Beasley, tsohon mai jirgin kamun jatan lande, shi ya raine shi a tankin gilashi cikin garejinsa. Ya sa masa suna Idon Bernice, wai haka matarsa take kallonsa in ya dawo gida a makare.

Baba Thurman bai taɓa sayar da ko ƙwaya ɗaya ba. A sarƙa ya sa shi. Masu kiwon murjani a nan sun san sarƙa: a yanko maka ɗan guntu kyauta, ka raine shi, in ya yaɗu kai ma ka yanka ka ba mutum biyu kyauta, su ma su yi haka. Babu takarda, babu rantsuwa. Kunya ce kawai take riƙe da abin, kuma ta riƙe shi shekara da shekaru. Haka Idon Bernice ya shiga gidaje da dama, har da nawa.

Sai guguwar bara ta zo ta tafi da wutar lantarki. Tankin murjani ba ya jure tsayuwar ruwa. In famfon da ke kaɗa ruwan ya tsaya, komai na ciki ya fara shaƙewa. Mai Girma Uban Almakashi ya shiga rediyo ya ce kowane gida zai sami man janareta, babu wanda za a bari a baya. Gaskiya ya faɗa. Ba a bar mu a baya ba, a layi aka bar mu. Na tsaya a gidan mai tun rana tana tsaka har ta karkata, da jarka a kowane hannu, ina kallon motocin majalisa suna shiga ta hanyar fita. Da aka zo kaina mai ya ƙare. Washegari ma haka. Tankina ya mutu. Na Anti Odalys ya mutu. Na kowa ya mutu. Wanda ya taɓa jin warin mataccen tanki a gida mai zafi ba ya bukatar in yi masa bayani.

Guntu ɗaya ya tsira a duk garin: wanda ke tankin zauren majalisar gari, inda janareta bai ko yi tari ba. An sayi tankin ne don baƙi su san garin bakin teku suka zo, ko da yake tekun yana nan ta taga. Anti Odalys ce ta ba su guntun a matsayin kasonta na sarƙa, saboda a lokacin ta yarda da su. Tana da zuciya mai kyau, shi ya sa ake yawan cutarta.

Ita ce ta je biyan kuɗin ruwa ta ga abin da ya faru, ta dawo tana buga mini ƙofa.

Da muka shiga zauren na ga abin da idona. Maɓallan duk sun rufe gam. Wani farin abu kamar auduga ya lulluɓe gefe ɗaya na dutsen, ƙasansa ya fara yin ruwan ƙasa yana narkewa. Funfuna ce. Ba sai na nemi dalili da nisa ba: ruwan tankin a tsaye yake cik, ƙasansa cike da ruɓaɓɓen abincin kifi.

Mai riƙe da ginin ya fito, wanda zan kira Yallaɓai Sarkin Makullai, don yana tafe suna ƙara a ƙugunsa kamar akuya mai ƙararrawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya kashe famfon?"

"Yana damun masu jawabi."

"Abincin nan fa?"

"Manyan baƙi ne. Kowa yana son a ɗauke shi hoto yana ciyar da kifi. Ba za ka ce wa babban mutum a'a ba."

"To. Mun zo mu ɗauki dutsen nan mu yi masa magani."

Ya dube ni kamar na ce a ba ni rufin ginin. "Wannan kadarar gari ce. Ba ta fita daga nan sai kwamiti ya zauna."

"Yaushe zai zauna?"

"Bayan bikin Asabar."

"Kafin nan ya mutu."

"Sai a zauna kan mutuwarsa."

Anti Odalys ta ajiye kofinta a kan teburinsa. "Kai, ɗan nan, dube ni da kyau. Ni na kawo muku shi a robar miya. Coci ɗaya muke zuwa da uwarka. Na san ka tun kana cin yashi a bakin ruwa. Yau kai ne kake ce mini kadarar gari?"

"Madam, doka ce. Ba ni na yi ta ba."

Na ce to mu yi maganin a nan, a bokiti, a gabansa. Ya ce ba a shigo da magani ginin hukuma sai da izinin mai kula da lafiya, shi kuma ya tafi taron shirin tunkarar guguwa a wani otal da ke tsakiyar hamada. Ban yi mamaki ba. In za ka koyi guguwar teku, ai gara ka je inda ba za ta katse maka darasi ba.

Sannan ya yi murmushi. "Ku kwantar da hankalinku, an riga an ɗauki mataki. Mai Girma ya ba da umarni komai ya yi fes kafin Asabar."

Ya nuna mana matakin. Yana jingine a bango: injin nan mai fesa tururi da ake kankare cingam da shi a dakalin titi. Gobe da safe za a fito da dutsen, a ɗora shi a tsakiyar zaure, a turara shi har farin abin ya fita.

Ana cikin haka sai ga Mai Girma Uban Almakashi da kansa, ya sauko gwajin jawabi, mutum uku na biye da shi, ɗaya riƙe da takardu, biyu riƙe da murmushi. Ya miƙa mini hannu ba tare da ya kalle ni ba, ya ce yana alfahari da matasa irina. Furfura ta cika mini gemu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, magana ɗaya. Halittar nan tana da dafi. Shi ya sa na zo da safa da tabarau. In ruwan jikinta ya shiga ido ko ciwo, asibiti ne. In kuma aka sa mata tururi, dafin zai bi iska. Duk wanda ke zauren nan zai shaƙa, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta kai wa na sama kasonsu."

Ofishinsa a sama yake.

Ya ja da baya taku guda. Ya dubi hannunsa na dama, wanda ya sha tsomawa a tankin don hoto. Ya goge shi a rigar mai riƙe da takardu.

"Wa ya karɓi wannan abin a madadin gari?"

Sarkin Makullai ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, in aka duba da kyau, ba a taɓa karɓarsa a hukumance ba. Ajiya ce. Ta wannan matar ce."

"Madam," in ji Mai Girma, "kin ajiye abu mai dafi a ginin jama'a? Ki kwashe kayanki yanzu, kafin a ci ki tara."

Ku lura da wannan, masu karatu, don ku daina cewa hukuma ba ta sauri. Abin da kwamiti ba zai iya ba sai bayan biki, tsoro ya yi shi kafin kofin Anti ya huce. Sarkin Makullai da kansa ya riƙe mana ƙofa, daga nesa, da ƙafa.

A mota Anti Odalys ta rungume bokitin a cinya. Ba ta ce komai a kan tuƙina ba. Nan na san ranta ya ɓaci.

Maganin ba wani sirri ba ne, haƙuri ne da ƙazanta. A garejina na sa safa da tabarau. Na cika bututun romo da ruwan gishiri na riƙa fesa wa dutsen har audugar ta tashi. Inda ta ƙi, buroshi ya bi a hankali. Inda naman ya narke, na sa reza na yanke har da ɗan mai lafiya a gefe, don funfuna ba ta san iyaka ba. Na kaɗa garin maganin a bokiti ɗaya, na tsoma dutsen na ɗan lokaci, na ɗauraye shi a ɗaya bokitin, na sa shi shi kaɗai a ƙaramin tanki, famfo na kaɗa masa ruwa sosai, fitila a rage. Washegari na maimaita. Rana ta uku ma haka.

Fiye da rabi ya tafi. Ban yi kuka ba, murjani ne. Anti Odalys kuwa kullum da safe sai ta shigo da kujerarta ta zauna gaban gilashin.

"Farfesa, har yanzu a rufe suke."

"Na gani."

"Duk karatun nan naka, ba za ka ce musu su buɗe ba?"

"Ba su je makarantar ba, Anti."

Ranar Asabar aka yi biki. Ban je ba, na gani a jarida. An cika tankin da murjanin roba, ja da shuɗi, irin na shagon kayan wasan yara. Mai Girma ya tsaya a gabansa da almakashi ya ce wannan murjani ya ga guguwa ya tsira, kamar yadda garinmu ya tsira a ƙarƙashin jagoranci nagari. Aka yi tafi. Ni ma na yaba. Wannan ne karo na farko da majalisa ta zaɓi abin da ya dace da ita: ba ya bukatar famfo, ba ya bukatar mai, ba ya mutuwa in an manta da shi. Da za a sami talakawan roba, da mulki ya yi daɗi.

Ana cikin mako na biyu Anti ta ƙwala mini kira daga gareji. Ƙwaya ɗaya ta buɗe. Baki kore, tsakiya ruwan lemo, tana kallonmu kamar mun dawo gida a makare. Zuwa ƙarshen wata sauran da suka rage duk sun buɗe, har da jarirai a gefe.

Labari ya zaga gari. Jiya da yamma na ji ƙarar makullai a barandata.

"Farfesa! Barka da aiki. Mai Girma yana gaishe ka ƙwarai."

"Ina amsawa."

"Wato, waɗanda suka ba da tallafin sayen tankin za su zo dubawa. A yarjejeniya an ce murjani mai rai. Shi ne Mai Girma ya ce ko ɗan guntu ne. Za a sa masa alamar gargaɗi. Za a ma sa sunanka a allo."

"Famfon fa?"

"Za a riƙa kunna shi in ba a jawabi."

"Yaushe ne ba a jawabi?"

Ya yi dariya shi kaɗai. Sannan ya matso, ya rage murya. "Kuma an gaya mini al'adarku. Sarƙa, ko? An ce kyauta kuke bayarwa, ba ku hana kowa."

"Rabi aka gaya maka, Yallaɓai. Wanda aka ba, shi ma yana ba mutum biyu. Ku an ba ku. Ya yaɗu a hannunku har ya rufe dutse. Lokacin da tankunan garin nan suka mutu, mutane sun zo zaurenku sun tsaya suna kallonsa ta gilashi. Wa kuka ba?"

Ya duba makullansa ko amsar tana cikinsu.

"Ai kadarar gari ce a lokacin," in ji shi.

"Haka ne. Ka gaishe da Mai Girma."

Na rufe ƙofa. Tawa ba ta bukatar zaman kwamiti.

Guntu na farko na Anti Odalys ne, a maimakon bututun romonta da ya riga ya zama ɗan teku. Na biyu na Loretta ne, 'yar Baba Thurman, wadda ta rasa nata a layin mai kamar kowa. Daga nan sarƙa ta ci gaba gida gida. Amma muddin ina da rai da reza, Idon Bernice ba zai sake kallon cikin majalisa ba.