Firigon Ministan Rana

Duk wanda ya ce unguwar Kilomita Biyar ba ta da masana, to bai taɓa shiga shagon Alhaji Abdulmutallib ba. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin komai, musamman abin da ba a tambaye shi ba. Ka je sayen ƙusa, ka fito da bayanin yadda jirgin sama yake tashi. Sau biyu ya je Duwala sarin kaya, tun daga nan ba ya buɗe baki sai da "mu da muka ga duniya".

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat: kujerar shugaban layin masu kayan gini. An sa zaɓe Juma'ar farko ta azumi, kuma mutane sun karkata ga Alhaji Sulaimanu, wani bawan Allah da bai iya komai ba sai cika alkawari. Wannan abu ya ci wa Alhaji rai ƙwarai.

Sai dabara ta faɗo masa. Azumin ya zo cikin zafin Maris, wutar gari kuma ta zama mai leƙowa ta gaisa ta wuce. Ai duk wanda ya shayar da unguwa ruwan sanyi ya gama cin zaɓe! Ya sa aka kawo masa fano huɗu daga Kamaru, farantan nan masu mai da hasken rana lantarki, da batura, da ƙaton firigo, wato firji, mai murfin gilashi. Ya yi shela a kasuwa: "Daga yau ni da rana mun ƙulla yarjejeniya. Tana can sama tana zuba a banza, ni zan sa ta aiki." 'Yan kasuwa suka raɗa masa Ministan Rana. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har ya sa aka rubuta a bayan babur ɗinsa.

Zayyad mai haɗa wuta ya zo da tsani zai hau rufi. Minista ya riƙe tsanin.

"A kan rufi? Wa zai gani, shaho?"

"Alhaji, sai rana ta doke su za su yi aiki."

"Malam Zayyad, atamfa ma in ta sha rana koɗewa take, balle kaya masu daraja irin waɗannan. Kai ka san waya, ni na san ilimi."

Haka aka kafe fano huɗu a tsaye jikin bangon ƙofar gida, ƙarƙashin rumfar kwano, reras kamar hotunan biki. Inuwa mai daɗi, ko ɗigon rana ba ya taɓa su. Firigo kuwa, tunda rumfa ta cika, kuma ba a sayi mai gilashi don a ɓoye ba, aka yi masa dakali a fili bakin titi. Zayyad ya naɗe wayoyinsa ya ce Allah ya kyauta.

Ranar ɗaya ga azumi da sassafe aka cika shi da ledojin ruwa da zoɓo. Aka kunna, ya ɗauki gurnani da ɗan cajin da baturan suka zo da shi. Minista ya garƙama kwado, ya jefa mabuɗi aljihu, ya tafi kasuwa yana tafiyar ƙasaita. Kafin hantsi ya dubi ludayi firigo ya yi tsit. Matarsa Hureira ta kira shi a waya hankali tashe.

"Alhaji, abin nan fa ya yi shiru."

"Hureira, kayan zamani ba sa surutu. Janareto kika saba da shi."

Rana kuwa ta cika yarjejeniya, sai dai ba ta inda aka yi tsammani ba. Tun da inuwa ta raba ta da fano, sai ta wuni tana ratsa gilashin nan, zafi na shiga ba ya fita.

Dab da magariba ƙofar gida ta cika maƙil, har daga unguwar Kokoro an zo, kowa leɓe a bushe da kofi a hannu. Minista ya hau benci cikin babbar riga ya yi jawabi: "Jama'a, yau za ku sha ilimi. Abin da za ku ji a maƙogwaronku, shi ne bambancin shugaba da wanda ba shugaba ba." Aka kira salla. Ya buɗe kwado, ya zuge gilashi.

Tabɗi! Wani turiri ya buso masa a fuska. Ledojin zoɓo sun kumbura, wasu sun fashe. Alhaji Sulaimanu ya ɗauki leda ɗaya, ya yi ta sauya mata hannu, sannan ya ajiye cikin ladabi ya ce singila, wato an gode. Jama'a suka watse neman ruwan randa gidajen maƙwabta.

Amma Minista ba ya faɗuwa ƙasa. Ya share gumi ya ɗaga murya: "Ku tsaya! Wannan ai gwajin dumama ruwa ne da hasken rana. Da gangan na yi!"

Mutum ɗaya ce ta yarda da shi, Iya Mero ungozoma. Ta tsoma yatsa, ta fizge, fuskarta ta washe. "Kai, Alhaji, Allah ya yi maka albarka! Ga masu jego, ga itace ya yi wuya. Gobe da la'asar zan aiko da bokiti." Tunda a gaban jama'a ya ce da gangan ne, ina bakin hanawa?

Ranar Juma'a ƙuri'a ɗaya ya samu, kuma kowa ya san da hannunsa ya jefa ta.

Amma kada a ce bai yi suna ba. Yanzu in ya fito daga masallacin Koudoukou, magidanta har rige-rigen gaishe shi suke yi. Sai ya tsaya, ya gyara hula, ya yi gyaran murya yana jiran a nemi shawararsa kan al'amuran duniya. Sai mutum ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Alhaji, iyalina ta sauka jiya. Don Allah a saka mu a layi."