Munzali Ya Zo Ɗaukar Inna

Ranar Asabar ɗin bayan ƙaramar Sallah, da la'asar sakaliya, ƙanena Munzali, autanmu, ya tara mu a tsakar gidan mahaifiyarmu a Funtuwa, ya ce yana da magana. Maganar kowa ya san ta tun kafin ya sauka daga jirgi. So yake ya tafi da Inna Kanada, inda yake aiki, ta zauna can gaba ɗaya. Ya yi mata fasfo, takardun shiga ƙasar sun fito, abin da ya rage kawai ta ce to. Inna kuwa tun da aka kawo ta gidan nan tana amarya ba ta taɓa yin wata guda a wani gari ba, in ban da aikin Hajji. Idan ta amsa, za a kulle gidan, a kai awakinta kasuwa, a raba wa maƙwabta kajin. Ni ce babba, don haka aka kira ni daga Zariya. Aka kuma kira ƙanen Inna, Kawu Ilu, don a samu dattijo a wurin.

Munzali bai fara da roƙo ba, da darasi ya fara. Zaman waje ya mai da shi alƙalin ƙasashe, kuma ba wanda ya naɗa shi. Mu muna kan tabarma, shi aka fito masa da kujera, wai gwiwoyinsa sun daina sabawa da zaman ƙasa. Ya ajiye gorar ruwan da yake yawo da ita tun da ya zo, don ba ya shan na randa, ya gyara tabarau, ya shiga jera mana ƙasashen da ya dace ɗan Adam ya zauna a cikinsu.

Kanada ce kan gaba, wannan ba sai an faɗa ba. Daga ita sai Nowe da Siwizalan. Bai taɓa taka ko ɗaya a cikin biyun ba, amma yadda yake ba da labarinsu sai ka ce can aka yanke masa cibiya. Jamus ya ce ba laifi. Ingila ta tsufa. Dubai ta 'yan ɗaukar hoto ce. Kawu Ilu, wanda ke zaune yana jan carbi, ya tambaye shi ina ya ajiye Saudiyya. Munzali ya ce Saudiyya ta ibada ce, shi maganar zama yake yi. Kawu ya ce ai shi bai san akwai zaman da ya fi na kusa da Harami ba, amma tunda masu ilimi sun yi magana, ya ja bakinsa.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fankar da aka jawo masa ta tsaya. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da ɗauke wuta irin ta ranar ba. Ya buɗe hannuwa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mu muka kashe ta. Ya ce a can, yaro zai girma ya yi gemu bai san ana ɗauke wuta ba. Ruwa kuwa, famfon hagu zafi, na dama sanyi. Jirgin ƙasa ba ya makara. Asibiti ba a ce maka je ka sayo allura. Inna tana tsinke zogale a faranti, ba ta ɗaga kai ba. Ta dai ce masa Allah ya ƙara musu.

Sai ga Ladiyo, maƙwabciyarmu, ta yi sallama ta shigo aron taɓarya. Ta durƙusa ta gai da Inna, ta gai da Kawu, ta yi wa Munzali ya gajiyar hanya, ta tambayi iyalinsa da sunayensu. Ta ga zogalen, ta zauna ta taya Inna tsinkewa na ɗan lokaci, sannan ta ɗauki taɓaryar ta fita. Ko bakin zaure ba ta kai ba Munzali ya ce to ga irin abin da yake faɗa. Mutum ya faɗo maka gida ba waya, ba sanarwa. A can ba mai yi maka haka. Kowa yana gidansa, ba mai damun wani. Shi duk zaman da ya yi a benen da yake, bai san sunan mutumin da ƙofarsa ke kallon tasa ba, kuma ya faɗi wannan ne da alfahari, kamar wanda ya ci jarrabawa.

Kawu ya tsayar da carbi. "To Munzali, in mutum ya mutu a ɗaki fa?"

"Akwai lambar da ake kira, Kawu. Nan da nan za su zo."

"Mamacin ne zai kira?"

Munzali ya ce Kawu ba zai gane tsarin ba sai ya je ya gani.

Ni ban sa baki a rabon ƙasashe ba, don ban je ba, ba zan yi musu ba. Abin da na zo ji daban ne. Na bar shi ya gama, sannan na yi masa tambayoyina a hankali. Na ce idan shi da matarsa Rumasa'u sun fita aiki da safe, wa Inna za ta yi hira da shi? Ya ce akwai talabijin, kuma zai saya mata waya babba. Na ce da wane harshe talabijin ɗin ke magana? Ya ce za ta saba. Na ce lokacin sanyin da yake ba mu labari, wanda ƙanƙara ke toshe ƙofa, ina za ta je? Ya ce ba sai ta je ko'ina ba, gidan akwai ɗumi.

Na ce, wato za ta wuni a zaune ita kaɗai.

"Haba Yaya, wace irin kaɗaici? Ai ba za ta samu lokacin zama ba ma. Rumasa'u ta kusa sauka, ga ɗanmu Ammar bai shiga makaranta ba."

Wannan ne karo na farko da muka ji zancen cikin. Inna ta ajiye farantin zogale. Ta yi addu'a Allah ya raba lafiya, muka ce amin. Daga nan ita ta karɓi tambayar, kuma ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Ta tambaye shi, haihuwar Ammar, wa ya dafa wa Rumasa'u ruwan wanka. Ya ce ai can ba a wankan jego, likitoci ba su san shi ba, famfo kawai ta buɗe. Ta ce wa ya dama mata kunun kanwa. Ya ce shi ya gwada, bai yi ba. Ta ce wa ya riƙe mata jaririn ta samu ta runtsa. Nan ya fara gyara zama a kujerar. Ya ce gaskiya sun sha wuya a lokacin, har Rumasa'u ta yi ta kuka ita kaɗai da rana, shi ya sa wannan karon ba ya so a maimaita. Gidan rainon yara sai an bi layi, in an samu ma kuɗinsa ba na wasa ba ne, ita kuma dole ta koma aiki. Ba su da kowa a can da za su bar wa yara.

Da ya ga duk mun zuba masa ido, sai ya koma kan maganarsa ta farko. Ya ce kada a juya maganar, shi don hutun Inna yake yi. Wace uwa ce za a ba ta ƙasa ta ɗaya a duniya ta ce ita sai wannan? Ya nuna fankar da ta tsaya, ya nuna kwatar da ta bi ta gindin katanga. Ya ce wallahi in aka jera ƙasashen duniya kaf, tamu ce za ta zo ƙarshe, don ba abin da muke da shi da wani zai zo nema.

Inna ta kakkaɓe zaninta, ta jawo farantin ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Ta ce ita ba inda za ta. In yana so, ya sako Rumasa'u a jirgi tun da sauran lokaci, ga ɗaki, ga itace, ga mata cike da unguwa, ta yi arba'in ɗinta ta koma.

Munzali ya ce, "Inna, ki dai yi tunani. Mutanen nan fa ba abin da ba su ƙera ba."

Ta ce, "To Auta, ka koma ka ce su ƙera maka tsohuwa. Ta Funtuwa ba ta fita waje."