Yadda Ake Korar Bazawari da Albasa

Ke da kika fita takaba masu sallama suka hana ki sakat, ga magani, kuma bai taɓa ba ni kunya ba. Ni ce Tsahara, matar marigayi Mushe Mamane, wato Malam Mamane, mai koyar da lissafi a lakwal ɗin Konni, makarantar boko. Ranar da aka zo mini da labarin motarsu ta kife a Tsarnawa, tuwonsa na kan wuta. Bai bar mini gona ba. Ya bar mini ɗakin nan da ba ni da niyyar fita, da karatu guda da ya cusa mini a bakin murhu.

1. Shimfiɗa masa tabarma

Kada ki ɗaure fuska. Bazawari in ya ga fushi, cewa yake kunya ce. Ki gaishe shi, ki jawo albasar Galmi da wuƙa.

2. Jefa tambaya

Ki ce ya faɗa miki girman cikin albasar. Da Alhaji Labo mai motoci ya zo zawarcina, ya ce a ɗora ta a sikeli. Na ce nauyi daban, girma daban. Ya gyara zama.

3. Juya ta a gabansa

Ki nuna masa albasa lanƙwasa ce guda da ta zagaya tsinke, kamar yadda maginiya ke zagaya tukunya. Randa, turmi, har hular kansa, duk lissafinsu ɗaya. Ki nuna hular, kada ki taɓa.

4. Yanka

Siriri-siriri, kowane yanki ya fito kamar faifai. Ki auna daga tsakiya zuwa baki, ki ninka shi da kansa, ki ninka da uku da 'yar ɗoriya, ki ninka da kaurin yankin. Sai ki tara su duka. Sunan abin antegiral. Ki faɗe shi da ƙarfi, kalmar kaɗai tana rage wa namiji zance.

5. Kada ki gama

Marigayi ya ce iya sirantar yanka, iya kusantar gaskiya. Saboda haka da ya soma maganar aure, ki ce ba su yi siriri ba, ki ɗauko wata. A nan Labo ya tuna motarsa na jiransa a kan iyaka. Chindo ɗan duwan, mai binciken kaya a kan iyaka, ya fi shi juriya, ya zauna har faranti ya cika.

"To Tsahara, in an tara su duka, mi za a samu?"

"Miya."

Bai sake dawowa ba.

Hattara

In kika bi wannan hanya kika tsufa ke kaɗai, babu ruwana. In kuma kika gamu da wanda ya iya lissafin, kya san yadda kika yi da shi, ni ban ga na biyu ba. Kullum da la'asar dai nakan yanka guda, ko da baƙo ko babu. Duk wanda ya shigo ya ga idona, ya san albasa ce.